Ranar da Na Jiƙa Kilarinet ɗin Mushe Rene

Na sauka Paris da adireshi ɗaya a aljihu da ƙarya ɗaya a baki. Adireshin na Alhaji Abakar ne, wani ɗan Chadi mai kanti a unguwar Belleville, wanda ya yi shekara tara yana fatauci a garinmu Damagaram. Ƙaryar kuwa tun cikin jirgi na gama ɗinka ta: duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina, zan ce mushe ne. A Nijar haka muke ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko, da duk wani ɗan boko da ake girmamawa. 'Yan'uwanmu na Najeriya dariya suke mana, don a wurinsu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce kawai. Mu ma mun san wannan ma'anar, amma ba ta hana mu faɗa.

Sunana Lawali. Mahaifina, Mutari, bai taɓa shiga aji ba ko don ya fake wa ruwan sama. Mai busa algaita ne, kamar ubansa, yana bin biki da suna. Kumatunsa sun saki saboda busa, in ya cika su da iska sai ka ce lemo biyu ya ɓoye a baki. Ina shekara bakwai ya zaunar da ni gaban ƙwaryar ruwa, ya ba ni kara mai rami, ya ce in yi ta hura kumfa kada ta yanke, ina shaƙa ta hanci iska tana fita ta baki. Na iya, har na fi yayyena. Amma da na shiga lakwal yara suka gano ɗan gidan wane ne ni. In na zo wucewa sai su kumbura kumatu su miƙo hannu kamar masu roƙo. Tun ina aji huɗu na ce wa Baba karatu ya yi mini yawa. Ya rataye 'yar algaitata a ƙusa.

Alhaji Abakar ne na fara gwada ƙaryar a kansa. Bayan mun gama gaisuwa ya tambaye ni ɗan gidan wane ne, na ce ɗan Mushe Mutari. Ya dube ni, ya maimaita sunan a hankali, sannan ya turo mini kwanon shinkafa ya ce in ci tun da zafi. Mako uku na yi ina kwana a bayan kantinsa, tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin manja. Ranar da zan wuce Lyon ya cire babbar rigar sanyinsa ya yafa mini, hannayenta har sun rufe yatsuna. Ya ce gwamma su yi mini dariya da in mutu da sanyi.

A Bron jami'armu take, a gefen Lyon, can ƙarshen layin tiram, jirgin ƙasa na cikin gari. Karatun tattalin arziki na zo yi. Kuɗin tallafin da aka yi mana alkawari daga gida wata ya zo, wata uku shiru, dole na bar ɗakin ɗalibai na koma Rillieux, hawa na goma sha ɗaya, inda ta taga ba ka ganin komai sai wasu dogayen gidaje irin naka. Kewar gida ta kama ni ta inda ban zata ba. Ba tuwo na fi tunawa ba, hayaniya nake kewa. A ƙasar nan ana ɗaura aure a bene ɗaya da kai ba ka ji ko tari ba.

Don in ci abinci na samu aikin dako ranar Lahadi da safe, a kasuwar tsofaffin kaya ta bakin ruwa. A nan na gamu da Mushe Rene. Gajeren tsoho ne mai hular ulu, tabarau rataye da zare a wuya. Ina ajiye wani kabad kenan na gan shi tsugune gaban wani akwati, yana harhaɗa wata baƙar abar busa mai maɓallan ƙarfe. Mura yake yi, ya kasa busawa, mai kayan kuma bai iya ba. Sai tsohon ya waiwayo ya gan ni na yi tsaye ina kallo kamar wawa, ya miƙo mini cikin wasa.

Wallahi ban san abin da ya hau kaina ba. Busawar farko ƙara ta yi kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta biyu murya ta fito, sai jikina ya tuna abin da na yi shekaru ina mantawa. Kumatuna suka cika, hancina ya ci gaba da aikinsa, muryar ta miƙe ba yankewa har masu ciniki suka juyo. Tsohon ya dubi agogonsa, ya dube ni. Da na sauke ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce ba kowa, mahaifina ma malamin lakwal ne. Ya ce to, ya rubuta mini adireshin shagonsa a bayan tikitin bas.

Abar nan ita ce kilarinet. Mushe Rene sana'arsa kenan: ya sayi tsofaffi, ya gyara, ya sayar wa masu busa tsohon jaz, kiɗan baƙaƙen Amurka na zamanin kakanni. Shi da abokansa huɗu, duk masu furfura, suna yin kiɗan a wani gidan shan kafe kowace Lahadi da yamma. Bai son sababbin kilarinet masu maɓallai da yawa, ya ce muryarsu ta ma'aikatan banki ce. Tsohon yayi yake nema, mai manyan ramuka, wadda za ta yi kuka ta yi dariya.

Shekara uku na yi a hannunsa, karatun jami'a yana tafiya da ɗingishi. Ya koya mini busa, kullum yana tsokanar kumatuna da yatsa yana cewa in mayar da su ciki. Ya koya mini saye. A haska tocila cikin bututun, a shinshina, a bi jikin da farce ana neman tsaga. Abin da ya fi nanata mini shi ne, tsofaffin nan iri biyu ne. Akwai waɗanda aka ƙera a da can da muryar da ta ɗan ɗara ta yanzu tsayi. A ido ba ka bambanta su, gajartarsu ba ta kai gaɓar yatsa ba, in kana busa kai kaɗai daɗi gare su, amma ba sa shiri da piyano har abada. Shi ya sa bai fita kasuwa sai da tef ɗin awo da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da yake bugawa a gwiwa ya kai kunne. Ya kuma gaya mini baƙin itacen da ake yin su da shi daga Afirka ake kawo shi. Na ji daɗin wannan magana, na riƙe ta fiye da yadda ya kamata.

Akwai guda ɗaya da ba ta sayarwa. Ta yayansa Marsel ce, wanda ya koya masa busa, ya rasu yana saurayi. A bayanta, inda babban yatsa yake zama, itacen ya lotsa ya yi ɗan rami, rabi aikin yatsan Marsel, rabi na Rene. Kullum akwai ɓawon lemo a cikin akwatinta. Na sha ganin yana canja shi, na ɗauka don ƙamshi ne, ban taɓa tambaya ba. Tambaya tana yi mini wuya a lokacin, don ina tsoron in na tambayi mutum shi ma ya tambaye ni.

A hunturu na uku aka gayyaci ƙungiyar zuwa Paris, su yi wa wasu tsofaffi kiɗan rawa da rana. Sai ga likita ya ce za a yi wa Mushe Rene aikin zuciya. Ranar da zai kwanta asibiti ya kira ni shago, ya ce ni zan tsaya a madadinsa. Ya ɗauko akwatin Marsel ya ɗora mini a hannu biyu.

“Ba ta taɓa kwana a gidan wani ba,” ya ce. “Ka kula da ita.”

Na kai ta Rillieux ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Abin da na fara yi da na buɗe akwatin shi ne na jefar da ɓawon lemon, don na ga ya fara yanƙwanewa. Ashe shi ke ba itacen ɗan laima. Ɗakina kuwa na'urar ɗumama ɗaki, wadda muke kira shofaj, ba ta hutawa, iskar ta bushe ƙayau har leɓena yana tsagewa. Kwana goma sai na ga gaɓoɓin kilarinet sun yi sako-sako, zobban ƙarfen suna juyawa, muryar tana yoyo. Saura kwana huɗu mu tafi Paris.

Da na ɗauki waya na kira Gaston, mai busa ƙaho, shugaban ƙungiyar, da magana ta ƙare. Amma sai na tuna Baba. Da rani, in algaita ta bushe muryarta ta shaƙe, yakan tsoma ta cikin ruwa kusa da randa tun da safe, kafin azahar itacen ya sha ya ƙoshi, murya ta dawo garau. Na ce a raina, itacen ƙasarmu ne, wa zai koya mini itacen ƙasarmu? Har wani alfahari na ji, ga wani sirri da Turawa ba su sani ba. Na cika bahon wanki da ruwa mai ɗumi bayan sallar asuba, na kwance kilarinet ɗin Marsel gaɓa-gaɓa na nutsa ta.

Da azahar na leƙa. 'Yan fatun da ke toshe ramuka a ƙarƙashin maɓallai sun kumbura kamar burodi a shayi, wasu sun ɓalle suna yawo a kan ruwa. Hankalina ya tashi, sai na ƙara wauta a kan wauta: na jera gaɓoɓin a kan shofaj don su bushe da sauri. Ina raka'a ta biyu ta la'asar na ji tas, ƙara 'yar ƙarama kamar an karya tsinke. Na sallame ban san abin da na karanta ba. Gaɓar sama ta tsage tun daga wuya, tsagar ta ratsa ramuka biyu.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na ce wa Gaston zan riga su don in gaida dangi. Na sauka kantin Alhaji Abakar na kwashe labari na gaya masa, ban da inda na koyi jiƙawar. Ya ce in koma in faɗa wa tsohon gaskiya, mutumin da ya ba ka amanar kayan ɗan'uwansa zai iya jin gaskiya. Na ce to Alhaji, na fita na nufi babbar kasuwar tsofaffin kaya ta arewacin birnin. Niyyata in samo mai kama da ita in saka a akwatin. Ba zan ɓoye ba, niyyata kenan.

Na samu kuwa, a rumfar wani mai dogon gashin baki. Tambarin maƙeri iri ɗaya, maɓallai iri ɗaya. Ba tef a hannuna, ba ɗan ƙarfen nan, duk suna shagon Lyon. Na tambaye shi ko muryarta ta yanzu ce, ya dafa ƙirji ya rantse da kabarin uwarsa. Na busa, ta yi daɗi. Ya ga na matsu, ya faɗi kuɗin da ya ga dama, na ba shi abin da na tara don zuwa ganin gida. Ya cuce ni, amma ba ni da bakin zaginsa, don abin da na yi bayan nan ya fi nasa muni. Na sayi takardar goge katako, na zauna a bayan kantin Alhaji tsakanin buhuna, na yi ta goge wurin babban yatsa har ya yi rami, na shafa masa man zaitun don ya yi kama da tsoho.

Ranar wasan, ƙarfe uku na rana, zauren ya cika da tsofaffi maza da mata cikin kwalliya. Piyano ya fara, Gaston ya ɗauka da ƙaho, aka zo wurina na shiga. Tun muryar farko na san na mutu. Tana sama da kowa da kaɗan, kaɗan ɗin nan da ke sa haƙora su yi tsami. Na ja wuyanta don in sauke ta, sai ta rikice gaba ɗaya, wasu ramuka sama wasu ƙasa. Masu rawa suka fara tsayawa. Wata tsohuwa a gaba ta toshe kunne ɗaya da yatsa tana murmushin tausayi. Gaston ya sunkuyo ya dubi abin da ke hannuna, ya ce a hankali wannan ba ta Marsel ba ce. Sauran awa biyun a kan kujera na yi su, a gaban jama'a, da kilarinet a kan cinya. A jirgin komawa Gaston ya ce shi ba zai gaya wa Rene ba, ni zan faɗa da bakina.

Da aka sallami Mushe Rene na je gidansa, a saman shagon. Duka biyun na ɗauka, ta jabun a akwatin Marsel, ta gasken naɗe cikin tawul a jakata. Har a kan matakala ina cewa gaskiya zan faɗa. Da na shiga na gan shi a kujera, ya rame, bargo a ƙafa, sai na miƙa masa akwatin kamar ta gasken ce a ciki. Har yau in na tuna wannan miƙawar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai ma harhaɗa ta ba. Ya ɗauki gaɓar sama, ya ɗora babban yatsansa a ramin, ya rufe ido.

“Wa ya goge nan?”

Na buɗe jaka na warware tawul. Ya daɗe yana kallon tsagar. Ya bi ta da farce tun daga sama har ƙasa, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce ruwa. Na ce e. Na yi zaton zai kore ni, amma sai ya ce shekara hamsin yana gyara, ya ga wadda aka zauna a kai, ya ga wadda aka manta a mota, bai taɓa ganin wadda aka jiƙa da gangan ba. Wannan ba wauta ba ce kawai, in ji shi, hanya ce ta wasu mutane, kuma yana so ya san a ina na ga ana yi.

Nan na faɗa. Algaita, da randa, da ƙwaryar ruwa, da kumatun Baba, da yaran lakwal. Na ce mahaifina ko sunansa bai iya rubutawa ba.

“Shekara uku ina koya maka,” ya ce, “kullum ina jin hannun wani malami a cikin numfashinka, wanda ya fi ni. Na yi ta jira ka faɗi sunansa.” Ya ajiye gaɓar a kan bargo. “Tsagar nan zan iya ɗinke ta, ko da yake muryar ba za ta dawo yadda take ba. Ramin ƙaryar da ka goge ne ban san yadda zan yi da shi ba. Tafi gida.”

Wata guda bai neme ni ba. Na koma dako a kasuwa, in na hango hular ulu sai in ɓuya bayan kabad. Sannan wata Asabar da hantsi ya kira ni. Na tarar da kilarinet ɗin Marsel a kan tebur, an ɗinke ta da ƙananan ƙusoshi, tabon yana nan baro-baro. Ya nuna mini wayar shagon ya ce in kira Damagaram, yana so ya gaisa da abokin sana'arsa.

Abin da Mushe Rene bai sani ba shi ne, Baba ma na ɓoye masa cewa ina busa. A saninsa karatu kawai nake yi. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya sanyi, ya baƙunta, ina ta jan gaisuwar don kada ta ƙare. Mushe Rene ya ce in gaishe shi, sannan in gaya masa abin da na ce yana yi. Na dube shi ina roƙo da ido. Ya kau da kai.

“Baba,” na ce, “akwai wani dattijo a nan da yake koya mini busa irin ta Turawa. Shekara uku ina gaya masa kai mushe ne.”

 Ta cikin wayar ina jin kukan akuya a tsakar gidanmu.

“Mushe,” in ji Baba. “Aji nawa nake koyarwa?” Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Sannan ya ce, “Ashe busa kake yi a can. To busa in ji.”

Mushe Rene ya miƙo mini ta Marsel da hannunsa. Na sa a baki na ɗauki murya ɗaya na riƙe, kumatuna suka cika, ranar bai tsokane su ba. Na busa har idona ya kawo ruwa. Da na sauke na mayar da wayar kunne.

“Iskar tana nan,” Baba ya ce. “Amma itacen nan naka ya bushe, Lawali. Ka jiƙa shi a ruwa.”

Mushe Rene ya tambayi me ya ce. Na fassara masa. Ya yi dariya har sai da ya dafe ɗinkin ƙirjinsa, yana cewa in bari kada in kashe shi. Ni ma na yi dariya, na ɗauka magana ta wuce.

Bayan shekara biyu na samu zuwa gida. Karatu na riga na ajiye shi, ina aiki a shagon sosai. Muna zaune da Baba a ƙofar gida sai wani mai ganga, abokin yawon bikinsa, ya zo wucewa ya ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe Mushe, an tashi daga lakwal? Baba ya amsa masa ya ce yau hutu ne. Mai nama ya zo, Mushe. Matan unguwa, Mushe. Ashe shi da bakinsa ya ba da labarin a majalisa, yana yi yana dariya, sunan ya bi shi. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba ko sau ɗaya. Na yi mako uku ina neman ranar da zan tambaye shi ko ya yafe mini, ko kuwa dariyar nan ita ce hanyarsa ta jin zafi. Kullum sai in ce gobe, har ranar komawata ta zo.

Shekara huɗu bayan haka, wata Talata da safe, ina shago ina canja ɓawon lemo a akwatin Marsel, wayata ta yi ƙara. Ƙanin Baba ne. Bai ja gaisuwa ba.

“Lawali, sai haƙuri,” ya ce. “Mushe ya rasu.”

Da sunan da na laƙa masa don in ɓoye shi aka gaya mini mutuwarsa, kuma ban tambayi wane Mushe ba.